Kwalbar GATS ta gwajin man jirgi: abin da take kamawa da abin da ke wuce ta

Ƙananan jirage masu farfela ɗaya ba su da yawa a Accra, amma masu koyon tuƙi da makanikan jirgi daga Nima da Madina suna yawan tambaya kan kwalbar GATS, wadda ake ɗiban mai daga tankin jirgi da ita kafin tashi don a duba ko akwai ruwa ko datti. Ba kayan kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai ba ce, odarta ake yi daga waje. Ra'ayinmu a taƙaice: ta cancanci kuɗinta, muddin mai ita ya san inda ƙarfinta ya tsaya.

Kwalbar roba ce da ake ganin cikinta, akwai babba da ƙarama, ƙaramar tana cin kusan mililita 350. A bakinta akwai tsinken da ake danna magudanar tanki da shi, wato 'yar ƙofar da ake ɗiban mai ta ita a ƙasan tanki, ana juya shi don ya dace da nau'in magudana biyu. Abin da ya bambanta ta da siririn bututun gwajin mai da aka saba shi ne rariyar murfinta, wadda ke barin mai ya wuce ta riƙe ruwa da datti. Saboda haka ana mayar da man cikin tanki maimakon a watsar a ƙasa. Jirgin Cessna 172 samfurin R da S na da magudana 13, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki. Da bututu sai mutum ya yi ta zirga-zirga, kuma gajiya ce ke sa a tsallake wasu. Da kwalbar, zagaye ɗaya ya isa.

Lita ɗaya ta 100LL, wato fetur ɗin ƙananan jirage, nauyinta kusan gram 720 ne, ta ruwa kilo ɗaya, don haka ruwa ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda injin ke zuƙa. A daminar Accra, daga Afrilu zuwa Yuni, yana shiga ta robar murfin da ta tsage, ko ta raɓar da ke taruwa cikin tankin da aka bari rabi, ko daga duron da ya kwana a waje. Muguntarsa ita ce injin zai tashi lafiya da man da ke cikin bututun da ke kai masa mai, ya yi gwaji lafiya, sai an ɗaga hanci ana hawa ruwan ya iso.

Bayan shan mai a jira aƙalla minti 15. A girgiza fuka-fukai, musamman a tsofaffin Cessna 182 masu tankin roba, domin ruwa na maƙalewa a lanƙwashewar robar. A ɗaga kwalbar gaban wani abu fari: 100LL shuɗi-shuɗi ne. In aka ga komai garau babu launi, kada a yi murna, yana iya yiwuwa duka ruwa ne. In kuwa man ya bar maiƙo bai bushe da wuri ba, a yi zargin an gauraya shi da Jet A-1, wanda dangin kananzir ne.

Aibinta: tana da girma, ba ta shiga aljihu, robar kuma na dusashewa in an bar ta a rana. Rariyar ma sai ta jiƙe da mai tukuna take hana ruwa wucewa. Masu injin Rotax 912 da ke amfani da fetur ɗin mota su lura: in akwai itanol, wani nau'in barasa da ake gauraya fetur da shi, a ciki yana shanye ruwa, kwalbar ba za ta nuna komai ba. A zuba ruwa kashi ɗaya, a yi alama, a ƙara fetur kashi tara a girgiza. In layin ruwan ya hau, akwai itanol.

Sai abubuwan da ba ruwanta da su. Ba ta faɗin yawan man da ya rage. Wannan aikin sandar awo ne, domin agogon mai na ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne. Piper Cherokee ba ya shan tankuna biyu lokaci guda, mantuwar sauya tanki kan kashe injin alhali ɗaya fiffiken cike yake. Haka ƙanƙarar kafireta, wadda mutane ke ɗauka matsalar Turai ce. Iska na iya yin sanyi da digiri 30 a maƙogwaron kafireta, ga laimar bakin teku, don haka ƙanƙara na kamawa ko da ana zufa a ƙasa. Alamarta juyin injin ya riƙa raguwa sannu a hankali. A ja marikin da ke tura wa kafireta iska mai zafi har ƙarshe, a bar shi ko da injin ya ƙara tari, narkewa take yi.

In injin ya mutu jim kaɗan bayan tashi, sau da yawa ba mutuwar injin ke kisa ba, yunƙurin juyawa zuwa filin jirgi ne. A 172S saurin saukowa ba inji shi ne not 68, kusan kilomita 126 a awa. Idan aka karkata jirgi da digiri 60, saurin da fuka-fukai ke daina ɗaukarsa yana ƙaruwa da kashi 41 cikin ɗari, daga not 48 ya koma wajen 68 ɗin nan. Hanci ya faɗi, jirgin ya murɗe, babu tsayin da za a gyara. A sunkuyar da hanci nan take, a nemi fili a gaba, a rufe mai, a kashe maganeto mai ba injin wuta, a buɗe sakatar ƙofa kafin taɓa ƙasa.

Wanda ke da jirgi mai magudana da yawa, ko yake shan mai daga duro, ya sayi babbar. Mai tsohon 172 da magudana uku, ƙaramar ta ishe shi.