Thomas Mann da ban dariya: Zauberberg ko Felix Krull?

Mutane da sun ji sunan Thomas Mann sai su ce ai wannan Bajamushen tsohon ba ya dariya, marubuci ne da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1929, jimloli dogaye kamar layin mai. Wallahi ba su karanta shi da kyau ba ne.

A littafinsa Der Zauberberg na 1924, saurayi Hans Castorp ya je garin Davos na ƙasar Switzerland duba ɗan'uwansa a asibitin masu tarin fuka, wai sati uku zai yi, sai ga shi ya share shekara bakwai, kullum ana auna zafin jiki ana cin abinci sau biyar a rana ana gulmar waye ya fi wani ciwo kamar wata sarauta. Dariyar a ɓoye take, sai ka yi haƙuri, littafin kauri gare shi sosai.

Shi kuwa littafin Felix Krull na 1954, Krull ɗin ɗan damfara ne yake ba da labarin kansa da bakin manya, ya yi farfaɗiyar ƙarya gaban likitocin soja don kar a ɗauke shi, daga baya a Paris ya yi musayar suna da wani ɗan sarauta ya wuce Lisbon. Mann ya rasu 1955 bai ƙarasa shi ba, abin yana min ciwo har yau.

Ni dai Krull zan ce ka fara da shi.