Ajin Hausa ta Zoom don yaran da aka haifa a Ingila

Iyaye 'yan uwana da ke nan Manchester, ga ra'ayina kan ajin Hausa na ranar Asabar da wata malama daga Kano ke yi ta Zoom. Yarana biyu nan aka haife su, Turanci ne yarensu na farko, kuma a makaranta ba wanda ya damu, don tun 2004 aka daina tilasta wa yara koyon wani yare a Ingila da zarar sun kai shekara 14, wai duk duniya na jin Turanci ai. To kakarsu a Fagge ba ta ji, in ta kira su a waya sai dai "hello" da dariya shikenan.

Malamar ta iya aikinta wallahi. Ba ta fara da nahawu ba, gaisuwa ta fara, ina kwana, ya gajiya, yadda ake durƙusa wa manya, sai ta sa su furta ƙ da ɗ har su gaji, nan ne dai bakin ɗan Ingila ke sarƙewa. Minti arba'in ne, yara shida kacal a aji. Matsalar netwok ce, in wuta ta ɗauke a can sai murya ta yi ta yankewa, kuma aikin gida ya yi kaɗan. Duolingo, manhajar koyon yare ta waya, na da Swahili da Zulu amma babu Hausa, don haka ba wani zaɓi mai yawa. Kuɗin bai kai na kwas ɗin ninkaya ba. Taurari huɗu na ba ta.