Sharhi: rangadin yini guda zuwa tsibirin Sapelo da garin Darien

Duk wanda zai je Sapelo ya fara sanin cewa ba a zuwa kai tsaye. Babu gada. Jirgin fito ne kawai ke kai mutum, daga wata ƙaramar mashiga da ake kira Meridian a gundumar McIntosh ta jihar Jojiya a ƙasar Amurka, kuma sai sunanka yana cikin jerin masu rangadi ko wani mazaunin tsibirin ya gayyace ka. Tafiyar ruwan kusan rabin awa ce, ta tsakanin fadamar ruwan gishiri mai ciyawa iya ganinka. Ni ta hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na yi rajista, wanda ya haɗa Darien da tsibirin a yini ɗaya.

Darien muka fara tsayawa, kuma a gaskiya an yi mana gaggawa a nan. Garin yana bakin kogin Altamaha, wanda kogunan Oconee da Ocmulgee suka haɗu suka haifa. 'Yan Sikotilan ne suka kafa shi a 1736, kuma a 1739 wasunsu suka sa hannu a takardar ƙin yarda a shigo da bayi yankin. An ci gaba da hana bauta na wasu shekaru, amma a ƙarshe aka halatta ta. Daga baya gonakin shinkafa suka cika bakin kogin, bayi daga Afirka ta Yamma ke noma su cikin laka da sauro. A 1863 sojojin arewacin Amurka suka ƙone garin a lokacin yaƙin basasar ƙasar, sannan ya farfaɗo da cinikin katako da ake turo gungumensa ta kogin. Yanzu jiragen kamun jatan lande ne ke jere a bakin ruwa. Duk wannan cikin 'yan mintuna jagoran farko ya zayyana mana, muna tsaye gefen kangon wasu rumbuna da aka gina da ɓawon kawa da farar ƙasa da yashi. Na taɓa bangon, ɓawon yana nan a fili, kaifinsa bai gama mutuwa ba.

A tsibirin ne kuɗina ya biya. Jagorar da ta karɓe mu haifaffiyar Hog Hammock ce, ƙauyen da ya rage na al'ummar Gullah Geechee a can, zuriyar bayin da suka yi wa Thomas Spalding noman auduga da rake. Ba daga takarda take karantowa ba. Kakanninta take ba da labari, tana nuna inda gidan wane yake da, da inda aka tashi mutane aka tattara su wuri guda bayan attajirin taba R. J. Reynolds ƙarami ya sayi mafi yawan tsibirin a 1934.

Abin da ya kawo ni shi ne Bilali Muhammad, kuma ta ba shi haƙƙinsa. Mutumin Timbo ne a Futa Jalon, ƙasar Gini ta yau. An kama shi yana matashi, aka kai shi tsibiran Karibiyan, daga nan aka sayar da shi Sapelo a farkon ƙarni na 19, inda ya zama shugaban aiki a kan ɗaruruwan bayi. Ya bar rubutu na Larabci mai shafi 13, yana magana a kan alwala da kiran salla da salla, wanda yanzu yake ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya. An daɗe ana zaton tarihin rayuwarsa ne, domin babu mai iya karantawa. Masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malaman can kwafinsa, kuma a 1940 ya wallafa cewa rubutun yana da alaƙa da Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fikihun Malikiyya da har gobe ake karantawa a zaurukanmu. Wasu masana daga baya sun ce Bilali ne ya tsara shi daga abin da ya haddace. Ko wanne ne, mutum ya shekara da shekaru cikin bauta, babu malami babu littafi, amma bai saki karatun yarinta ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Zuriyarsa da aka yi hira da su a shekarun 1930 sun tuna yana salla a kan 'yar shimfiɗa da carbi a hannu, ko da yake su a lokacin Kiristoci ne.

Ƙorafina ga kamfanin biyu ne. Sun ware lokaci mai tsawo don kallon katafaren gidan Reynolds da ɗaukar hoto, alhali Hog Hammock ɗan zagaye kawai aka yi a mota. Ni da juya tsarin aka yi. Sannan ba su gargaɗe mu kan ƙwari ba, ga ƙananan ƙudaje masu cizo da ke shiga har cikin hula. Ku tafi da maganin shafawa da ruwan sha da guzurinku, don samun abincin halal a can sai an dace.

Akwai kuma abin da bai kamata baƙo ya manta ba: mutanen da suka rage a ƙauyen ba su da yawa, haraji na hawa, kuma a 2023 hukumar gundumar ta amince a riƙa gina manyan gidaje a wurin, abin da mazauna suka yi ta adawa da shi. A watan Oktoba na 2024 kuma gadar hawa jirgi ta rufta ranar bikin al'adunsu, mutum 7 suka rasu. Saboda haka idan za ku je, ku nemi jagora ɗan tsibirin kai tsaye, kuɗin ya shiga hannunsu, ku kuma ware wa Darien yininsa daban.