Ɗan daba mai kaɗa fiyano: yadda wani fim ɗin Faransa ya raba kan masu kallo

Duk wanda ya kalli De battre mon cœur s'est arrêté cikin biyu za ka same shi a ɗaya, ko ya ce maka fim ɗin ya zauna masa a rai ko ya ce an ɓata masa dare a banza, da wuya ka samu na tsakiya. Ni ina cikin na farko kuma ba na ɓoyewa, amma zan kawo abin da waɗancan suke faɗa don wasu maganganun nasu akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Fim ɗin Faransa ne na 2005, Jacques Audiard ya ba da umarni, a kasuwar masu jin Turanci ana kiransa The Beat That My Heart Skipped, tsawonsa bai kai awa biyu ba. Zan fasa ƙwai sosai a nan, wanda bai kalla ba kuma ba ya so a gaya masa ƙarshe to ya je ya kalla tukuna.

Jarumin sunansa Tom, Romain Duris ya fito a matsayinsa, saurayi ɗan shekara 28 a birnin Faris, a baki dillalin gidaje ne amma a aikace ɗan daba ne mai saka taye. Shi da abokan harkarsa biyu, Fabrice da Sami, aikinsu su sayi tsofaffin gine-gine da arha su kori duk wanda ke ciki su sayar da riba, kuma korar ba ta kotu ba ce, cikin dare za su zo da ɓeraye a buhu su sake su a matakalar bene, ko su shiga da sanduna su farfasa tagogi da duk abin da zai sa ɗaki ya zaunu, mutanen da ke ciki kuwa yawanci baƙi ne talakawa da mata da yara waɗanda ba su da wurin zuwa. Wanda ya taɓa ganin mai gida ya yaye kwanon ɗaki don ɗan haya ya tashi ya san irin zuciyar da ake magana. Wannan sana'a a wajen ubansa Robert ya gaje ta. Uwarsa kuma, wadda ta rasu, ƙwararriyar makaɗiyar fiyano ce da ake sayen tikiti a je a saurare ta, shi ma ya koya yana yaro ya bari. Wata rana da dare yana tuƙi sai ya hango tsohon manajan uwar tasa a ƙofar wani ɗakin taro, ya tsaya suka gaisa, dattijon ya tambaye shi ko har yanzu yana kaɗawa ya ce ya zo a gwada shi. Shi kenan fa, wannan 'yar maganar ta hana shi sukuni har ƙarshen fim.

Ƙorafi na farko da na fi ji, kuma wani abokina ya fi kowa nanata shi, wai an ce masa fim ɗin 'yan daba ne ya zauna yana jiran harbe-harbe sai ya ƙare da kallon mutum yana maimaita kiɗa ɗaya yana ɓatawa yana dukan fiyano. Gaskiya ne, harbi kusan babu, bos ɗin ma wani ɗan Rasha ne Minskov da ba a nuna shi sosai. Amma wallahi a ganina wuraren koyon kiɗan nan sun fi wuraren duka tayar da hankali. Tom ya samu malama, Miao Lin, wadda ba ta daɗe da zuwa daga ƙasar Sin ba kuma ba ta jin Faransanci, shi kuma ba ya jin yarenta, to sai koyarwa ta koma ta hannu da ido da tsawa. Kiɗan da yake shiryawa don gwajin na Bach ne, wani tsohon mai tsara kiɗa Bajamushe, kiɗa mai son natsuwa da lissafi, shi kuwa jikinsa duk a ɗaure yake, kafaɗa a sama, haƙora a cije, yana danna maɓallan kamar yana bin su bashi. Ita kuma ta tsaya a bayansa ta ce ya sake, ya sake, ya sake, har wata rana ya daka mata tsawa yadda ya saba yi wa mutane a waje, ita ma ta juyo ta sauke masa nata da yarenta, ba a fahimci kalma ɗaya ba amma sai ka ga ya yi laushi ya koma ya zauna. A duk fim ɗin ita kaɗai ce ta iya tsayar da shi. Linh Dan Pham ce ta yi rawar kuma ta ci César, babbar kyautar fina-finan Faransa, ta jaruma mai tasowa da ita, ta cancanta.

Kuma kyamara ba ta rabuwa da hannayensa. A mashaya yatsunsa na motsi a kan tebur, a mota suna motsi, abokansa na maganar kuɗi shi hankalinsa na can, kuma hannun nan dai shi ne zai je ya shaƙe wuyan mutum da yamma. An ɗauki fim ɗin da kyamarar hannu, tana rawa tana binsa kusa-kusa, wasu sun ce jiri take sa su, ni kuwa gani nake da an kafa ta a tsaye da ba a ji rashin kwanciyar hankalin yaron ba. 'Yar'uwar Duris makaɗiyar fiyano ce a zahiri kuma ita ta horar da shi, shi ya sa zamansa a gaban fiyanon bai yi kama da na ɗan wasan da aka ce yi kamar kana kaɗawa ba.

Inda na fi so a tsaya shi ne maganar uban, don a nan fim ɗin yake, kiɗan ma biyo baya ya yi. Tun kafin a shiga labari fim ɗin ya buɗe da Sami yana ba Tom labarin yadda nasa uban ya tsufa ya koma kamar yaro, shi ke masa komai, yana jin haushi yana yi, har ranar da ya rasu. Mai kallo zai ɗauka hira ce kawai ashe an gaya maka duk abin da zai faru. Robert, wanda Niels Arestrup ya fito a matsayinsa, tsoho ne da ƙarfinsa ya ƙare amma bakinsa bai mutu ba, kullum cikin wata kwat mai ruwan ɗorawa, ya kira ɗansa su zauna shan kofi ya yi masa 'yar hira sannan ya sako buƙata, wane ya riƙe min kuɗin haya je ka karɓo min. Ba ya cewa je ka doke shi, ai ba sai ya faɗa ba. In Tom ya nuna ba ya so sai tsohon ya yi fuskar tausayi, ko ya je da kansa a wulaƙanta shi a gaban ɗan, to wane ɗa ne zai tsaya kallo? Haka ya shiga gidan abincin nan ya yi wa mai shi dukan kawo wuƙa ya fito da kuɗin ya miƙa wa uban. Da ya gaya masa ya koma fiyano kuwa ko a jikinsa, kallon shirme ya yi wa abin. Arestrup ya rasu a ƙarshen 2024, ya ci César da wannan rawar, kuma ni ban taɓa ganin an nuna uba mai cin amanar ƙaunar ɗansa da kyau haka ba, ba mugu ba ne irin na fim, yana son ɗan, amma son nasa kullum da ɗawainiya a ciki.

A nan ne mu da muka kalla muka fi yin musu. Wasu suka ce Tom ɗan halak ne, duk lalacewarsa bai taɓa juya wa ubansa baya ba kuma wannan kaɗai ya isa a tausaya masa. Wata 'yar'uwata ta ce sam, babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci, uban da zai tura ka zalunci ba a yi masa wannan biyayyar, kuma mutanen da aka watsa wa kaya a titi su ma 'ya'yan wasu ne. Ni ina tare da ita a hukunci, amma abin da ya sa fim ɗin ya kama ni shi ne bai sauƙaƙa wa Tom ba, ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, kana gani a fuskarsa, sai dai duk lokacin da ya ɗaga ƙafa zai fita sai wayar uban ta shigo. Da yawa a cikinmu akwai wanda aka ɗora wa sana'ar gida ko rigimar gida tun bai san kansa ba, ana ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ba wanda ya tambaye shi ko gudun yake so. Shi kansa Audiard ɗan gado ne, ubansa Michel Audiard sanannen marubucin fim ne a Faransa, ina jin ba a banza ya iya wannan labarin ba.

Sai maganar gwajin. Daren da zai je, abokan suka zo suka tashe shi wai akwai ginin da za a kora, ya bi su, aka yi ta doke-doke, gari ya waye ya saka kwat ya je gaban dattijon nan ya zauna, ya fara ya kakare, ya sake farawa ya kakare, ya tashi ya fita. Mutane da yawa sun ji haushin wannan, sun ce to duk wahalar me aka sha, ai kamata ya yi ya ci gwajin ko da ƙyar. Haba jama'a. Mutumin da ya bar kiɗa wajen shekara goma, ya dawo ya yi 'yan makonni yana koyo da rana yana fasa kawuna da dare, in ya ci wannan gwajin ai an raina mana hankali kuma an raina masu wannan sana'a da suke ba ta rayuwarsu gaba ɗaya. Faɗuwar ita ce gaskiya. Kuma daga nan ya wuce gidan uban ya tarar an kashe shi, bayan shi da kansa ya gargaɗe shi ya bar rigimar kuɗi da Minskov don ba sa'ansa ba ne. Yadda Duris ya yi a wurin nan, ya toshe bakinsa jiki na ɓari, Allah sarki, sai da na tsayar da fim ɗin na ɗan huta.

Ƙarshen ma ya raba mutane. An tsallaka shekara biyu, Miao Lin ta zama babbar makaɗiya, Tom ne ke kula da harkokinta kuma suna tare, ya kawo ta wajen wasa sai ya hango Minskov, ya bi shi suka yi mummunan faɗa a matakala, ya samu bindiga a hannu, ga wanda ya kashe masa uba a kwance, ya kasa harbawa. Ya wanke fuska ya shiga ya zauna cikin 'yan kallo da jini a rigarsa. Masu son ramuwa sun ce ragon banza ne. Wasu kuma sun ce an yi masa sauƙi da yawa, mutum ya gama zaluntar bayin Allah sannan a ba shi mace da rayuwa mai kyau. Wannan na biyun ya fi damuna don akwai gaskiya a ciki, fim ɗin bai koma kan iyalan da aka kora ba ko sau ɗaya, sun zo sun wuce kamar kayan ado, ba mu san sunan ko ɗaya ba, alhali su aka fi cuta. Amma ban yarda an yi masa sauƙi ba, burinsa ya hau dandamali bai hau ba kuma ba zai hau ba, zai ƙare rayuwarsa yana kallon wata tana yin abin da ya so ya yi, ya kuma yarda da hakan, ga wanda ya taso da girman kai irin nasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fim ɗin sabunta wani tsohon fim ɗin Amurka ne, Fingers na 1978 wanda James Toback ya yi da Harvey Keitel, a can jarumin kashe mutumin ya yi, Audiard da abokin rubutunsa Tonino Benacquista suka canza, kuma a ganina canjin ya fi, don da ya harba to uban ne ya sake aikensa ko daga kabari.

Abin da ban so ba, bayan maganar waɗanda aka kora, shi ne labarin Aline matar Fabrice. Tom ne ke rufa wa Fabrice asiri yana yi wa matar ƙarya in mijin ya tafi neman mata, daga baya shi ma ya faɗa soyayya da ita, an ɗauki lokaci ana gina abin sannan aka watsar ba a ce komai ba. Haka shigarsa wajen budurwar Minskov, ban ga abin da ya ƙara ba in ban da nuna cewa yaron ba ya tsoron wuta. Tsallaken shekara biyun ma ya yi sauri, ina so in ga yadda aka yi malama da ɗalibi da ba sa jin yaren juna suka kai ga haka.

Fim ɗin ya kwashi César guda 8 a 2006 har da na fim mafi kyau da darakta, ya ci kyautar BAFTA ta Birtaniya ta fim ɗin da ba na Turanci ba, Alexandre Desplat kuma ya samu kyauta a bikin fina-finai na Balin saboda kiɗan da ya tsara, amma Duris da ya ɗauki fim ɗin a kansa bai samu ta jarumi ba, wannan har yau ina ganin an danne shi. Ga mai son kallo, ba fim ɗin falo da yara ko gaban surukai ba ne, akwai zagi da shaye-shaye da wuraren da ba su dace ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci za su fi more shi don maganar da sauri take kuma ta 'yan titi ce, sauranmu sai da fassarar da ake rubutawa a ƙasa, a nemi mai kyau don akwai masu yawo da ba sa tafiya daidai da magana. Kuma a saka abin ji na kunne, sifikar waya ba za ta fitar da bambancin kiɗan da ya ɓata da wanda ya gyara ba, rabin fim ɗin kuwa a nan yake.