Ƙarin ƙarfin inji ko birki da taya: wanne za a fara kashe wa kuɗi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Toyota GT86, kana son fara shiga filin tsere a ranakun da ake buɗe shi ga masu motocin hawa, amma kuɗin hannunka ba za su ɗauki aiki biyu ba: ko dai a taɓa kwamfutar inji a sauya salansa, ko a gyara birki da taya. Ni na biyun zan zaɓa.

Motar nan ta fito a 2012 da ƙarfin doki kusan 200, injinta kuma ba shi da turbo. Irin wannan inji ko an taɓa kwamfutarsa ƙarin da ake samu kaɗan ne. Rugugi ne zai ƙaru, kunne ya ji daɗi, amma lokacin zagayenka a agogo da ƙyar zai sauya. Sannan duk gudun da ka ƙara a miƙaƙƙen layi, birki ne zai biya bashinsa a bakin kwana. Tsayar da mota daga kilomita 160 a awa yana jawo zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 80.

A ɓangaren birki, abin da ya fi araha shi ya fi muhimmanci, wato man birki. Yana shan danshin iska a hankali, kuma da zarar ya sha ruwa sai ya riƙa tafasa da wuri. Lambar DOT ce ke nuna ajin man birki: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya jiƙe ƙa'idarsa 155 ce kawai. DOT 5.1 yana da 260 da 180. Akwai na tsere irin Motul RBF 600 da ya haura 300. Idan man ya tafasa, ka taka birki ka ji ya yi laushi ya nutse har ƙasa, ga kwana a gabanka. Kada lamba ta ruɗe ka: DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran, bai kuma dace da mota mai ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) ba.

Takalman birki matsalarsu daban ce. In sun yi zafin da ya fi ƙarfinsu, birki yana nan da tauri a ƙafarka amma mota ba ta tsayawa, ga wari. Na tsere zalla suna jure zafi, sai dai suna ƙugi, suna cin faifai, kuma da sanyin safiya ba sa kamawa sosai. Tunda da motar kake zuwa aiki, nemi na tsaka-tsaki. Manyan faifai da sababbin kalifa (ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifai) ka bar su tukuna, tsadar ba ta mai fara koyo ba ce.

Taya kuwa kada ka yi gaggawa. GT86 ta zo da Michelin Primacy, irin wadda ake sa wa Prius, ba ta riƙe ƙasa sosai. Wannan alheri ne ga mai koyo, domin tana kuka tana zamewa a gudun da za ka iya gyara kuskure. In tana da sauran rai, cinye ta a fita biyu ko uku na farko. Daga baya ka koma masu lambar ci 200 (lambar da ke jikin taya mai nuna jurewarta ga cinyewa), waɗanda ke riƙo amma suna saurin ƙarewa. Su ma suna ƙara wa birki aiki, shi ya sa birki ke gaba.

Ragowar kuɗin ka sayi hular kwano mai shaidar da filin ya amince da ita, da ma'aunin iskar taya. Auna iskar da zarar ka fito, taya na da zafi, domin tana hawa. Cika baƙin mai zuwa layin sama, duba notocin ƙafa, yi zagayen ƙarshe a hankali. In ka faka kada ka ja birkin hannu, sa ta a giya har faifan su huce.