isURL na validator.js: yana aiki, amma sai an gyara saitinsa

Mai rubuta manhaja da JavaScript da ke son tantance adireshin shafin intanet (URL) da mutane ke shigarwa a fom, yawanci validator yake fara ɗauka, wato kunshin lambobin tantance rubutu. Kyauta ne, ana saka shi da npm install validator, kuma yana aiki a Node da burauza duka.

A aikin yau da kullum isURL, aikin da ke tantance adireshi a cikin validator, ba laifi. Yana ƙin rubutu mai sarari ko alamar < da >, yana ƙin mailto:, kuma yana da iyakar tsawo da aka aro daga tsohon Internet Explorer, wanda ba ya wuce haruffa 2083. Ya fi new URL() na cikin JavaScript tsantseni, domin shi new URL() ko javascript:alert(1) ka ba shi zai karɓa.

Matsalar tana cikin saitin da ya zo da shi. require_protocol a kashe yake, don haka example.com zai wuce ba tare da https:// ba. Ka sa shi a href na mahaɗi, burauza ta ɗauka wani shafi ne a cikin naka, mai dannawa ya faɗa 404, wato ba a sami shafin ba. Kunna require_protocol, sannan ka rage protocols zuwa http da https. Ftp, tsohuwar hanyar aika fayil, na cikin jerin, alhali Chrome da Firefox sun yar da shi tun 2021.

Shi kuwa require_tld, mai buƙatar ƙarshen suna irin .com, a kunne yake, shi ya sa yake ƙin http://localhost:3000 lokacin gwaji. Amma http://127.0.0.1, adireshin na'urar kanta, yana wucewa salin-alin, haka 169.254.169.254, inda sabar AWS ta kamfanin Amazon ke ba da bayanan kanta, har da makullan shiga. Idan sabarka za ta buɗe adireshin da aka ba ta, wannan ƙofa ce ga ɓarawo. Ko dai ka yi amfani da host_whitelist, jerin sunayen da ka amince da su, ko ka nemo lambar IP ɗin sunan ka tabbatar ba ta cikin gida ba ce kafin ka buɗe. Ba aikin isURL ba ne wannan, kamar yadda ba ya duba ko shafin yana nan da rai.

Abu na ƙarshe: rubutu kaɗai yake karɓa. Idan undefined ya iso gare shi, ba false zai dawo da shi ba, kuskuren TypeError zai jefo. Duba typeof tukuna, ka share sararin gefe da trim(), sannan ka kira shi.