Takin 15-15-15 na gauraye: lambar buhu daban, abin da hannu ke ɗebowa daban

Jama'a duk wanda ke shirin sayen takin nan 15-15-15 na gauraye, wanda in ka buɗe buhu kake ganin ƙwayoyi kala-kala fari da ja da ruwan toka, ya ɗan dakata tukuna. Na zuba shi a lambun tumatir da tattasai kuma wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Abin da ya ja ni araha ce da kuma lambar. Kowa dai ya san lissafin, 15 na farko naitirojin ne na ganye da tsayi, na biyu fosfet na saiwa da huda, na uku fotash na ƙarfin kara da cikar 'ya'ya, kuma kashi ne cikin ɗari na nauyin buhun, wato a buhu mai kilo 50 kowanne kilo 7.5 kenan. Dila ya ce min ai duk ɗaya ne da takin kamfa, wato wanda aka haɗe sinadaran tun wajen yin ƙwayar, tunda lamba ɗaya ce. To ba ɗaya ba ne fa. Shi kamfa kowace ƙwaya da ukun nan a cikinta, shi kuwa wannan yuriya ce mai naitirojin kashi 46 aka zuba da takin fosfet na DAP mai 18-46-0 da jan fotash mai kashi 60, aka cika da ciko aka juya aka ɗinke baki.

Ku yi lissafin da kanku, kafin a samu kilo 7.5 daga fotash mai 60 sai an zuba kilo 12.5, kwatan buhu cur. Ke nan duk cikin hannun da ka ɗebo ya kamata kwatansa ja ne. Ni da na farke bakin buhun na dumbuza, fari fat, sai ɗan ja nan da can sai ka ƙirga su. Fotash ɗin da masu takin suka zuba niƙaƙƙe ne kamar gari, yuriyar kuma manyan ƙwayoyi, to girgizar mota da ɗorawa da saukewa ta sa garin ya zurare ƙasan buhu gaba ɗaya, kuma ko layi ɗaya ba su rubuta a jikin buhun cewa a sake juyawa ba, sai hoton wani jibgegen tumatir da ko a mafarki ban taɓa gani ba.

Komayen farko su suka sha saman buhu. Kai, ganye! Kore shar har yana ɗaukar ido, tsayi ya kai ƙugu, mai wucewa sai ya tsaya ya ce Malam bana ka kama, ni kuwa ina kallon huda ta makara, wadda ta fito kuma tana zubewa, daga baya gefen tsofaffin ganye ya fara rawaya yana ƙonewa kamar an bi da wuta, wannan ai rashin fotash ne ƙarara. Komayen ƙarshe kuma da suka samu gindin buhu sai gishirin fotash ya ƙona min wasu ƙanana, waɗanda suka tsira suka tsaya cak ganyen ƙasa ya ɗashe saboda babu naitirojin. Lambu ɗaya, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, amma ka rantse na mutum biyu ne.

Da na koma wa dila da ƙorafi cewa ya yi wai Malam ai girgiza buhun ake kafin a buɗe. Haba Alhaji, girgizar ai ita ta raba su tun farko!

Amma kar in zalunce su, kayan ba jabu ba ne. Buhun da ya rage na zazzage shi a kan tampol na juya da shebur sosai har kala ta daidaita, na ba masara a gefen kunya na rufe da ƙasa don kar yuriyar ta bi iska, kuma gaskiya ta karɓa, kara ya yi kauri, ba ni da ta cewa. A lokacin har na fara tunanin in ba takin nasu makin taurari huɗu.

Sai na tuna gindin wannan buhun ma a dunƙule na same shi, ledar ciki siririya ce ta huje, yuriya kuma da jan danshi, sai da na sa guduma na farfasa. Ga kuma wannan tallar tasu ta wai taki ɗaya ya ishi kowace shuka tun daga dashe har girbi, alhali tumatir in ya fara zuba 'ya'ya fotash yake nema fiye da naitirojin, irin su 12-12-17 ne ke masa aiki, 15-15-15 ba ya isarsa ko da an juya shi daidai balle wanda ya rabe.

Taurari biyu dai. Don masara zan iya ƙara saye in da mai taya ni juyi, amma tumatir ɗina ba zai sake ganinsa ba, kuma a buɗe min buhun a gabana in zura hannu har ƙasa kafin in biya.